Magatakardan da Bai Halarci Zaman Ba

Kwanakin baya na shiga wani shagon kwamfuta a Tudun Wadar Gusau zan buga takarda, na iske mutum ɗaya a gabana. Dattijo ne, tsohon ma'aikaci, ya yi sammako daga wajen Bungudu da fayil ɗinsa ƙunshe cikin baƙar leda, yana son a rubuta masa takardar koke a kan haƙƙinsa na ajiye aiki. Yaron shagon ya tambaye shi suna da inda ya yi aiki da abin da yake nema, ya ɗan taɓa madannai, kafin dattijon ya gama gyara zama sai ga shafi biyu na Turanci sun cika fuskar kwamfuta. Turanci kuwa mai maiƙo, irin wanda da can sai ka nemi lauya. Yaron ya shiga karantawa yana juya masa da Hausa, dattijo yana gyaɗa kai, har aka zo inda takardar ta ce mai koken ya yi wa gwamnati hidima shekara talatin da biyar.

"Dakata, ɗana," in ji shi. "Wa yac ce maka talatin da biyar? Ni talatin da ɗaya niy yi, shekaru sunka cim mani."

Yaron ya dubi kwamfuta, ya dubi dattijo. "Wallahi Baba ban gaya mata haka ba. Ita ta sa."

Tun ranar nake juya wannan kalma ta "ita ta sa" a raina. Ina ta samo talatin da biyar? Amsar ba ta da wuya. A ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya, ma'aikaci yana ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 da kama aiki, duk wanda ya riga zuwa. Manhajar da yaron ya yi amfani da ita ta ci karo da wannan adadi ba iyaka a rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Da ta zo gurbin da ba a ba ta komai ba, sai ta cike shi da abin da aka fi yawan faɗa. Da dattijon bai kasa kunne ba, da ya sa hannu a kan takardar da ta saɓa wa fayil ɗinsa tun daga sakin layi na farko, kuma jami'in da zai duba ba zai tambayi kwamfuta ba, shi zai ɗauka maƙaryaci.

Neman wani ya rubuta maka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Fada tana da magatakarda da alƙalaminsa na kara tun kafin zuwan Turawa. Iyayenmu sun san malamin wasiƙa da ke zama bakin gidan waya ko ƙofar kotu da ɗan teburinsa da tafireta. Daga nan aka koma shagunan kwamfuta. Abin da ya sauya tun daga 30 ga Nuwamba 2022, ranar da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, shi ne magatakardan ya tashi daga mutum. Gemini da Copilot da Claude da DeepSeek suka biyo baya. A Afrilun 2024 kamfanin Meta ya cusa nasa cikin WhatsApp ga mutanen Najeriya, ta yadda akawu a sakatariyar Tsafe ko hedimasta a Nahuce ba sai ya sauke wata manhaja ba, abin yana nan a inda yake gaisawa da 'yan'uwa. 'Yan jarida suna kiran ta ƙirƙirarriyar basira, a ofis kuwa AI kawai ake cewa. Ta shigo mana ba sallama, a yawancin ofisoshi ba wanda ya yi mata iso, ba kuma wanda ya kore ta.

Mu da muka tashi da karatun allo muna da ma'aunin da za mu auna wannan baƙuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta raba aikin gida uku: akwai mai rubutu, akwai wanda haƙƙin ke wuyansa wanda shi ne zai yi shifta, akwai kuma shaidu. Duk takardar ofis in ka tona ta haka take. Rahoton wata na ƙaramin asibiti, bayanin zaman kwamiti, takardar neman a saki kuɗin gyaran aji, kowanne yana da wanda ya gani da ido, da wanda yake da alhakin maganar, da wanda ya tsara kalmomin. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da ukun, shi ya sa ba mu lura da bambancinsu. Na'urar nan kujera ɗaya tak za ta iya hawa, ta mai rubutu. Ba ta je Tsafe ba, ba ta zauna a zaman ba, ba ta ƙirga buhunan taki ba. Kusan duk ɓarnar da ake yi da ita a wurin aiki daga ɗora ta a kan sauran kujerun biyu take fitowa.

Yana da kyau a san yadda take aiki, don kada a ɗauke ta waliyyiya ko aljana. An ɗura mata rubutun da ya fi ƙarfin ƙirga, littattafai da jaridu da shafukan intanet, aka horar da ita ta riƙa hasashen guntun kalmar da ya fi dacewa ya biyo bayan wanda ya gabata. Haka take jera su ɗaya bayan ɗaya har jimla ta kammala. Wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya san irin wannan gwaninta. Maroƙi zai matso ya tambayi na kusa da kai sunanka da garinku, nan take ya ba kakanka dawaki da rumbuna da baƙin da ba sa yankewa a zaure. Bai san kakanka ba. Ya san dai abin da ake faɗa a kan kakanni, kuma ya iya faɗarsa da daɗi. A wurin biki ba laifi, kowa ya san wasan. A cikin fayil ɗin gwamnati kuwa sunansa shaidar zur. Abin da ya fi ban tsoro shi ne muryarta ba ta rawa in ta shiga shaci-faɗi. Da lafazi ɗaya take faɗin gaskiya da zancen ƙanzon kurege.

Kada wannan ya sa a ce ba ta da amfani. Tana da shi, kuma mu nan mun fi wasu buƙatarsa. Shekara da shekaru Turanci ya zama mana shinge a wurin aiki. Sau nawa muka ga ma'aikacin gona da ya san ƙasar Bungudu kamar tafin hannunsa, ko ungozomar asibiti da ta karɓi haihuwa fiye da yadda za ta iya tunawa, amma in aka ce su rubuta rahoto sai gumi ya karyo? Sai a raina iliminsu saboda nahawun wani harshe. A 2023 wasu masu bincike biyu na jami'ar MIT a Amurka, Shakked Noy da Whitney Zhang, sun gwada ma'aikata 453 da ayyukan rubutu irin na ofis. Waɗanda aka ba ChatGPT sun rage lokacin aikin da kashi 40 cikin ɗari, ingancin kuma ya ƙaru da kashi 18, kuma masu rauni a rubutu su suka fi cin riba. Gyaran nahawu, taƙaita doguwar sanarwa mai shafi goma, mayar da tarkacen bayani jadawali, fitar da daftarin farko ga wanda farar takarda ke ba shi tsoro, duk ta iya. Har ma tana da amfanin da ba a cika faɗa ba: in an ba ka takardar tuhuma ranka yana tafasa, ka rubuta amsar da zafinta, ka ce ta sanyaya maka harshe. Ta ceci aikin mutane da dama ta nan.

Matsalar tana farawa ne in aka nemi ta kawo hujja. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York suka shigar da takarda kotu a shari'ar wani fasinja da kamfanin jirage na Avianca, suka kafa hujja da hukunce-hukunce shida. Aka neme su sama da ƙasa, babu su, ChatGPT ce ta ƙaga su har da sunayen alƙalai da lambobin shafi. Alƙali Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000, kunyar kuwa ta fi tarar. A Oktoban 2025 katafaren kamfanin Deloitte ya amince zai mayar wa gwamnatin Ostareliya wani ɓangare na dalar ƙasar 440,000 da aka biya shi, bayan an gano rahoton da ya miƙa yana ɗauke da littattafan da ba a taɓa rubutawa ba da wata magana da aka jingina wa kotu ba ta faɗa ba. Wanda ya fi kama da na yaron shagon nan shi ne na kamfanin Air Canada. Manhajar da ya ɗora a shafinsa ta yi wa wani fasinja bayanin rangwame ba daidai ba, da aka je gaban kotu kamfanin ya yi ƙoƙarin nuna cewa manhajar gashin kanta take ci. A Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan, ta ce abin da ke shafinka naka ne. Wato "ita ta sa" ba ta tsayawa a gaban alƙali, ko a Kanada ko a Kanwuri.

In manyan lauyoyin Amurka sun faɗa wannan rami a kan dokokin ƙasarsu, waɗanda suka cika intanet, ina ga wanda ya tambaye ta lambar wata sanarwa ta Hukumar Kula da Ƙananan Hukumomi ta Zamfara? Za ta ba shi lamba, da kwanan wata, da sashe da ƙaramin sashe, komai tsaf, kuma mai yiwuwa babu ko ɗaya. Iyakar saninta da mu kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ma yana tsufa. ChatGPT ta farko saninta ya tsaya ne a 2021, don haka ko bayan an rantsar da Dauda Lawal a 29 ga Mayu 2023, a wurinta Bello Matawalle ne gwamna. A 2023 ɗin ne kuma aka rage ma'aikatun jiha daga 28 zuwa 16, sunaye suka sauya, wasu suka haɗe. Yanzu da yawa daga cikin manhajojin nan suna iya leƙa intanet kafin su amsa, amma abin da ba a ɗora a intanet ba ina za su gan shi? Sai kuma sarautu, inda kuskure ba ya da daɗin gyara. Sarkin Gusau Sarkin Katsinan Gusau ne, kuma baƙon da bai san tarihi ba cikin sauƙi zai kai wasiƙarsa Katsina. Na Tsafe 'Yandoto ne, na Bungudu Sarkin Fulani. Tsofaffin takardun Turawa suna rubuta Chafe da Kotorkoshi inda muke cewa Tsafe da Kwatarkwashi, kuma ba abin mamaki ba ne na'ura ta ɗauka garuruwa huɗu ne. Da ɗan gari akan ci gari, ita kuwa ba 'yar kowane gari ba ce.

Akwai wata illa da ta fi ƙarya ɓoyuwa, kuma ita ce ta fi damuna. Tun da aikinta shi ne kawo abin da aka saba faɗa, to tana goge abin da ba a saba ba. Alhali rahoto daga ƙauye darajarsa tana cikin abin da ba a saba ba ɗin. Mu tuna 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, yara suna ta jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓi bai yi musu komai ba. Abin da kowa zai fara zato shi ne cizon sauro ko sanƙarau, don su aka saba gani. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka tsaya a kan cewa wannan mutuwa ba irin wadda aka sani ba ce, sannan aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Yanzu mu ɗauka ma'aikacin lafiya na irin wannan ƙauye ya gaji, ya ce wa na'ura ta rubuta masa rahoton wata a kan mace-macen yara a lokacin zafi. Za ta ba shi rahoto mai kyan gani, da zazzaɓi da gudawa da ƙarancin abinci da shawarar a ƙara wayar da kai. Kowace jimla mai yiwuwa ce, rahoton gaba ɗaya kuma ya binne abin da ya kamata a ji. Gurguwar jimla da ta ce "yara suna mutuwa kuma ban gane dalili ba" ta fi shafi biyar na irin wancan.

Sai batun sirri, wanda a Zamfara ba zancen littafi ba ne. Mun san abin da kalmar infoma take nufi, mun san mutane nawa aka tare a hanya don wani ya san ranar da za su wuce. Jadawalin fitar masu rigakafi zuwa ƙauyukan Tsafe, ranar da za a kai kayan tallafi, jerin sunayen Askarawan Zamfara da unguwanninsu, takardar albashi mai ɗauke da lambobin asusu, duk waɗannan rubutun ofis ne, kuma duk ana iya jarabtuwa a liƙa su cikin manhaja don ta gyara. Abin da ka rubuta mata yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma a yawancin na kyauta ana iya amfani da shi wajen ƙara horar da ita sai in ka shiga saiti ka kashe. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu injiniyoyinsa sun zuba sirrin kamfani a ciki. A tsakiyar 2025 kuma aka wayi gari hirarrakin da wasu suka yi da ChatGPT suka raba suna fitowa a binciken Google, har sai da kamfanin ya cire wannan tsari.

Amma in za a faɗi gaskiya, ɓarakarmu ta fi kusa da haka. Ɗan bindiga ba zai fasa kwamfutar Amurka ba. A shagon nan na Tudun Wada, da yaron ya buɗe manhajar, gefen hagu cike yake da kanun takardun duk waɗanda suka zo kafin dattijon, na neman aiki, na rikicin fili, na asibiti, kowa da ke tsaye a bayansa yana iya karantawa. Haka wayar ofis da ake karɓa-karɓa, haka wayar maigida da yara ke wasa da ita da daddare. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 12 ga Yuni 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe da bayanan mutane, ta kuma ware bayanan lafiya da na addini da na ƙabila a matsayin masu buƙatar ƙarin tsaro. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ma tana nan ba a soke ta ba. Ma'aikacin asibitin da ya liƙa sunan majiyyaci da cutarsa don a gyara masa Turanci ya taka doka, ko bai yi nufin sharri ba. Maganin kuwa bai kai minti biyu ba: cire suna, sa harafi, cire sunan ƙauye da kwanan wata, in takardar ta dawo ka mayar da su da hannunka.

Hausarta kuma sai a hankali. Kusan rabin shafukan intanet da Turanci suke, rabon Hausa kuwa bai taka kara ya karya ba duk da miliyoyin masu magana da ita. Ana ƙoƙari. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, masana irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa na HausaNLP sun daɗe suna tattara rubutun da za a horar da na'urori da shi, kuma a Satumban 2025 Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da manhajar N-ATLAS mai jin Hausa da Yarabanci da Ibo. Duk da haka, Hausar da ke fitowa sau da yawa Turanci ne sanye da babbar riga. Na taɓa ganin wasiƙar gayyata da aka fassara za a kai wa wani basarake, ta fara da "Masoyi". Allah ya sa wani dattijo a ofishin ya gani kafin ta fita. Turanci ba ya bambanta ka da ki, don haka sai ka ga ana ce wa Hajiya "ka zo", ballantana "ku" ta girmamawa. Lanƙwasar haruffa ma tana zubewa, baƙi su koma baki, ƙasa ta koma kasa. Zamfarci kuwa, irin na dattijon nan mai "niy yi" da "sunka", in aka ba ta shi da murya sai ta yi ta lalube. Duk sanarwar da za a karanta a rediyo ko a masallaci ko gaban hakimi, a ba ɗan gari ya karanta ta da ƙarfi tukuna. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Wata 'yar'uwarmu da ke aikin lafiya a yankin Tsafe ta nuna mini yadda take yi, kuma ban ga abin da zan ƙara mata ba. Da farko takan ɗauki rajista ta fitar da alƙalumanta a takarda da biro. Sannan ta rubuta abin da ya faru a watan da Hausa, layi shida ko bakwai, yadda za ta gaya wa ƙawarta: maganin kaza ya yanke tun sati na biyu, mata sun rage zuwa awo daga ƙauye kaza saboda hanya, firij ya lalace. Sunayen ƙauyuka ta mayar da su A da B. Sai ta ce wa manhajar: ki mayar da wannan Turancin ofis, shafi ɗaya, darakta ne zai karanta, kada ki ƙara adadi ko dalilin da ban ba ki ba, inda kika ga giɓi ki tambaye ni. In ya fito, takan ɗora yatsa a kan kowane adadi ta gwada shi da na rajista. Wani lokaci ta ce a sake juya mata shi zuwa Hausa don ta ga ko ma'anar ta kauce. Na tambaye ta ko wannan bai cinye lokacin da take son ragewa ba. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, da kwana biyu nake yi a kan Turancin nan, yanzu kafin la'asar na gama. Duba lamba kuwa dama aikina ne." Malaman da suka kwafi littattafai da hannu a 'Yandoto da sauran garuruwan ilimi suna da suna ga wannan aiki, muƙabala, wato gwada kwafi da asali layi-layi. Ita dai ba ta san sunan ba, amma shi take yi.

Shugabanni ma suna da nasu kason. Tun da rubutu ya yi arha, takardu sun fara kumbura. Abin da da za a faɗa a sakin layi biyu yanzu sai ya zo shafi huɗu, da gabatarwa da kammalawa da kalmomin da ba su ɗauke da komai. Darakta ya ga ba zai iya karantawa ba, shi ma ya ba na'ura ta taƙaita masa. Na'ura ta hura, na'ura ta sace iskar, an ƙona data sau biyu, kuma tsakanin hurawa da sacewa abu ɗaya mai muhimmanci yana iya salwanta. Shugaban da ya ce shafi ɗaya yake so da alƙaluma da sunan wanda ya gani ya magance rabin wannan. Ina kuma jan kunnen masu son kama na ƙasa da su da manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura. OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 don ba ta cika dacewa ba, kuma wani bincike na jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun ɗaliban da Turanci ba harshensu ba ne a matsayin na na'ura. Mu ke nan. A 2024 ma wani attajirin fasaha na Amurka, Paul Graham, ya ce duk inda ya ga kalmar "delve" ya san ChatGPT ce, 'yan Najeriya suka yi masa ca, don kalma ce da muke amfani da ita tun a sakandare. Tambayar da ta dace shugaba ya yi wa ma'aikaci ita ce: wannan adadi daga ina, kuma kai ka gani?

Abu na ƙarshe da nake tsoro shi ne hannu ya mutu. Ƙaramin ma'aikaci yana koyon tunani ne ta hanyar rubuta daftari, a ja masa jan biro, ya sake. In tun ranar farko na'ura ke yi masa, nan da shekara goma zai zama darakta da ba ya iya gane rahoto mai kyau da marar kyau, kuma shi ne zai sa hannu a madadin jama'a. Mu kuwa mun fi kowa sanin cewa sabis ba abin dogaro ba ne. A 3 ga Satumba 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda tsaro, Gusau ta yi kusan wata guda babu, wasu ƙananan hukumomi suka fi haka, mutane suna tafiya har maƙwabtan jihohi don su tura saƙo ɗaya. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Ofis ba ya rufewa don sabis ya ɗauke, kuma a irin waɗannan ranaku ne aka fi buƙatar wanda zai ɗauki biro ya rubuta abin da ya faru a sarari.

Hana amfani da ita ba zai yiwu ba, tana cikin aljihun kowa, kuma hanawar za ta sa a koma yi a ɓoye ne kawai. Abin da ya rage shi ne a yi mata iso bisa sharaɗi. Ina kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ZITDA da sakatarorin ƙananan hukumomi su fitar da sanarwa guda da za ta fayyace irin takardun da ba a yarda a saka a cikin manhaja ba, ta ce duk adadi da doka da sunan da ke cikin takarda sai an gwada shi da asali, ta kuma ce wanda ya sa hannu shi za a tambaya. A haɗa da masu shagunan kwamfuta, don rabin takardun talakawa ta hannunsu suke bi, a koya musu goge hirar kowane mutum kafin na gaba ya zauna. Shafi ɗaya ya isa. A fitar da shi da Turanci da Hausa, a manna a allon sanarwa na Sakatariyar JB Yakubu da na duk ƙananan hukumomi 14.